Kukan Kwaɗi a Ƙasar Ɗanbatta

Wanda ya bar birnin Kano ya nufi arewa, ya wuce kasuwar hatsi ta Dawanau, ya kama hanyar Kazaure da Daura, ba zai ga daji ba har ya isa Ɗanbatta. Gona ce ke bin gona, ƙauye yana hangen ƙauye. Itatuwan da ke tsaye cikin gonakin, watau gawo da kuka da ɗorawa da tsamiya, ba a bar su a banza ba, kowanne da mai shi, kowanne da amfaninsa. Da damina gero da dawa da gyaɗa da wake sukan rufe ƙasa duka. Da rani kuwa sai ka ga tulin taki jere cikin gonaki, yana jiran ruwan fari.

Ɗanbatta gari ne na Sarkin Bai, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarkin Kano. Kasuwarta tana ci ranar Lahadi, ta kuma yi suna wajen shanu da tumaki da awaki. Amma ba kasuwa ce ta kawo mu a wannan wata ba. Mun zo ne mu duba wani ma'aikacin gona wanda ba a biyansa ko kwabo, ba a kuma gode masa. Shi ne kwaɗo.

Kafin ka shiga garin akwai madatsar ruwa ta Tomas, ɗaya daga cikin madatsun da Jihar Kano ta gina a shekarun 1970, bayan farin da ya wahal da ƙasar Hausa daga 1972 zuwa 1974. Kusa da ita akwai Kwalejin Aikin Gona mai ɗauke da sunan Audu Bako, gwamnan Kano na farko. Albarkacin ruwan nan mutane suna noman rani, suna samun shinkafa da tumatir da albasa da tattasai, masunta kuma suna kama kifi. Wannan abin godiya ne ƙwarai. Duk da haka babban ruwa ba shi ne ainihin gidan haihuwar yawancin kwaɗi ba, gama kifi yana cinye ƙwansu da 'ya'yansu. Gidan haihuwarsu shi ne kududdufin bayan gari inda aka ɗebi ƙasar gini, da ɗan tafkin fadama wanda yakan cika da damina ya ƙafe da kaka. A irin wannan ruwa kifi ba ya daɗewa, saboda haka ɗan kwaɗo yakan sami sarari ya girma.

Yara sukan ce daga sama kwaɗi suke faɗowa tare da ruwa, domin jiya babu ko ɗaya, yau kuwa ga su ko'ina. Gaskiyar maganar ta fi wannan ban mamaki. Dukan watannin rani suna nan ƙarƙashin ƙafarmu. Waɗansu sukan tona ƙasa su shige, waɗansu su ɓuya cikin tsagar laka ko ramin gara, wani kuma ya laɓe a gindin randar uwargida inda akwai sanyi. Suna kwance shiru, ba ci ba sha, har ruwa ya jiƙa ƙasa. Daren da aka yi ruwa mai ƙarfi sai su fito gaba ɗaya. Kukan nan da ke hana baƙo barci, mazan ne ke yinsa, suna kiran matan. Kowane iri da muryarsa, mace kuwa ba ta ɓata muryar irinta.

Da gari ya waye, in ka leƙa bakin kududdufi za ka ga ƙwai. Na kwaɗon nan mai kaushin baya yakan zo a jere kamar zaren tsakiya, na waɗansu kuwa a dunƙule ko a warwatse bisa ruwa. Cikin 'yan kwanaki sai su ƙyanƙyashe su zama talibambam, mai kai da wutsiya kaɗai. Yana bukatar makonni kafin ƙafafu su fito, wutsiya ta shanye, ya hau tudu. In ruwan ya ƙafe ko ya lalace kafin lokacin, to, 'ya'yan wannan shekara duka sun tafi ke nan.

Mene ne aikin da kwaɗo yake yi mana? Da dare, sa'ad da manomi yake barci, shi yana gona yana cin fara da tsutsa da gara da ƙwari iri iri. Akwai babban kwaɗon ruwa da ake kira burduddugi; talibambam ɗinsa maci nama ne, har tsutsar sauro yakan ci tun tana cikin ruwa. Shi kansa kwaɗo abinci ne ga shamuwa da balbela da zalɓe da kifi. In ya ɓace, ba shi kaɗai ya ɓace ba.

Mutanen Indiya sun koyi wannan da wahala. Shekaru da yawa suna kama kwaɗi daga gonakin shinkafa, suna sayar da cinyoyinsu zuwa Turai, musamman Faransa inda ake cinsu. Kuɗi ya shigo, amma ƙwari suka yi yawa a gonaki, manoma suka koma sayen magani. A 1987 gwamnatin Indiya ta hana fitar da cinyoyin kwaɗi daga ƙasar.

Mu ma muna da irin wannan ciniki. Gabas da Ɗanbatta, a fadamun Haɗeja da Nguru, ana kama kwaɗi da dare da tocila, a busar da su ko a ƙyafe, a ɗura a buhu a kai kudancin Nijeriya inda ake miya da su. A 2010 waɗansu masana daga Jamus da Nijeriya suka buga binciken da ya nuna miliyoyin kwaɗi ne ake sayarwa kowace shekara, har masu kamun suna ƙetarawa zuwa arewacin Jamhuriyar Benin neman ƙari. Burduddugi shi ne aka fi nema, saboda girmansa. Ba mu zargin mai wannan sana'a, iyalinsa yake ciyarwa. Amma wanda ya kama uwa tana ɗauke da ƙwai a farkon damina, ya ci irin shukarsa ne.

A ƙasar Ɗanbatta dai, abin da ya fi kamu barazana shi ne lalacewar ruwan kansa. Mutane sun ƙaru, fili ya yi tsada, ana cike kududdufai ana yanka filoti. Wanda ba a cike ba ya zama juji, leda ta rufe shi. Ga kuma maganin feshi, na ciyawa da na ƙwari, wanda yanzu ya shiga kusan kowane ƙauye. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki kamar akuya. Ta fatarsa yake sha, ta fatarsa kuma yake yin wani kashi na numfashinsa. Duk abin da aka zuba a ruwa, kai tsaye yake shiga jikinsa. Yaron da ya gama feshi ya wanke tankinsa a kududdufi bai san ya yi kisa ba. Ruwa ba ya tsami banza. In kududdufin unguwarku ya cika da damina amma dare ya yi shiru, ku tambayi abin da ya shiga cikinsa, gama ruwan nan ne awakinku suke sha, cikinsa kuma 'ya'yanku suke wanka.

Abin ba a nan kaɗai yake ba. A 2023 masana suka ƙidaya dangin kwaɗo na duniya, iri fiye da 8,000, suka tarar kashi 41 cikin ɗari suna cikin haɗarin ƙarewa. A Ingila akwai wata 'yar'uwar kwaɗo mai wutsiya, mai kama da ƙadangare amma a ruwa take haihuwa; tun 1981 doka ta hana a kashe ta ko a ɓata wurin zamanta. Ƙasashe sun ƙulla yarjejeniyar kiyaye fadamu a garin Ramsar na Iran a 1971, fadamar Baturiya ta Jihar Jigawa kuma ta shiga jerin wuraren da ake kiyayewa a 2008. Amma kududdufin bayan gidanka ba ya cikin jerin kowa. Ba ma'aikacin gwamnati da zai zo ya tsare shi. In an tsare shi, ku ne kuka tsare.

Yawancinmu wurin da muka san kwaɗi cikin Littafi Mai Tsarki shi ne Fitowa sura 8, inda suka zama annoba a Masar. Kada wannan ya sa mu ɗauka la'anannu ne. Ranar nan hidimar Ubangiji suka yi, kamar yadda suke yi a gonakinmu kowace damina. Farawa sura 2 ta nuna mana aiki biyu Allah ya ba mutum cikin gonar Aidan, nomanta da kiyaye ta. Mutanen Ɗanbatta gwanaye ne a na fari, ba wanda zai koya musu. Na biyun ne yake bukatar tuni, gare su da gare mu duka.

Ga abin da kowane gida zai iya yi ba tare da kashe ko sisi ba. Maigida, kada ka wanke kayan feshi a kududdufi ko rafi. Ɗebo ruwa ka wanke nesa, ka bar 'yan taku na ciyawa a bakin ruwa ba feshi. Kada ka yarda a zuba guba a ruwa don kama kifi. Uwargida, in kin tarar da kwaɗo a gindin randa, ki tura shi waje da tsintsiya, ba sai an kashe ba. Malaman makarantar Lahadi, ku kai yara bakin kududdufi su ga talibambam da idonsu, ku hana su jifan kwaɗi don wasa. Mai kamu kuma ya dakata har 'ya'ya su hau tudu. In za a cike kududdufin unguwa, dattawan ekklesiya su je tare da maƙwabtansu Musulmi wurin mai unguwa, su roƙa a bar ko guda ɗaya, gama ruwan na kowa ne, shi ne kuma yake tare ambaliya kada ta shiga gidaje.

Ya mai karatu, damina mai zuwa, daren ruwan fari, ka fita ƙofar gida da 'ya'yanka ku saurara. Ku gwada ƙidaya muryoyi nawa ne daban daban. Sa'an nan ku gode wa Wanda ya kiyaye su cikin ƙasa dukan rani, ku roƙe shi ya sa jikokinku su ma su ji wannan kuka.