Wasan Haɗa Hoto: Wanne Za a Sayo wa Yaro?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Ikara ya san gyartai. Ƙwarya ta fashe, sai a ajiye masa sakainun. Ya zauna ya juya wannan, ya gwada wancan, har baki ya haɗu da baki, sannan ya ɗinke. Wasan haɗa hoto aikin gyartai ne aka mayar wasa: a yanka hoto gunduwa-gunduwa, a ce yaro ya mayar da shi yadda yake.

Waya ce ta sa na fara saye. 'Yar ƙanwata a Malikanchi, mai shekara uku, ba ta zama wuri ɗaya sai an miƙa mata wayar uwarta, in an karɓe kuma gida ya cika da kuka. Na so ta sami abin da zai sa hannunta da idonta aiki tare. Idan na shiga kasuwar Sabon Gari ta Zariya, abu uku nake dubawa.

Na farko girman gutsuren. Yaro ƙarami baki yake fara kai komai, don haka duk wanda zai shige bakinta ba na ɗauka, ko da kyauta ne. Na fi son na katako mai kauri. Ina shafa gefensa saboda sartse, in jiƙa yatsa in goga fentin. Idan ya biyo hannu, na ajiye.

Na biyu yawansu. Mai shago zai nuna maka mai guda ɗari, ya ce ya fi auki. Aukin banza ne ga mai shekara uku. Huɗu zuwa takwas sun ishe ta, mai shekara biyar kuma ya iya da ashirin da huɗu. Wanda ya gagari yaro sau biyu, a ƙarƙashin gado za a tsinci rabinsa.

Na uku, wanda ya fi muhimmanci, hoton kansa. Yawancin na kasuwa dusar ƙanƙara ce da dabbobin da ba ta taɓa gani ba. Amma ba ta akuya: ta san kai a wuya yake, ta san inda bindi ke zama, sanin nan shi zai ja hannunta. Da na rasa irin wannan, tsohuwar kalanda na samu mai hoton zakara, na liƙa a kwalin taliya, na yanka gida shida da almakashi.

Asalin wasan ma koyarwa ne. A shekarun 1760 John Spilsbury, mai zanen taswira a Landan, ya liƙa taswira a katako ya yanka ta bisa iyakokin ƙasashe. Ɗan firamare za a iya yi masa haka da taswirar Kaduna mai ƙananan hukumomi 23, ya gano da hannunsa cewa Makarfi na maƙwabtaka da Ikara da Kudan.

Saura abin da ba a saye da kuɗi: babba ya riƙe hannunsa. Za ka ga ta juya gutsure a birkice, yatsunka na ƙaiƙayi. Daure. Ranar da na gyara zama kusa da ita, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Kawu, bari, ni zan sa."