Laifin Na'ura, Muka Ɗora Wa Yaro

Labarin da muka kawo muku a wannan wata ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya, don kuwa akwai abin kunyarmu a ciki. Mu malamai uku ne da ke koyar da yaran unguwa darasin yamma a wani ɗaki da wani bawan Allah ya ba mu aro, ba nisa da babban masallacin Zangon Kwatano. Da safe kowannenmu yana lakwal ɗinsa, bayan la'asar mu haɗu da 'yan aji shida masu shirin jarrabawar CEP. Dukanmu mun fito daga makarantar horon malamai, inda aka koya mana allo da alli da yadda ake tsara darasi, amma ba wanda ya taɓa nuna mana cikin kwamfuta.

A ƙarshen shekarar 2021 wani tsohon ɗalibinmu da ke karatu a Faransa ya zo hutu, ya kawo mana tsaraba a cikin ambulan. Da muka buɗe sai muka ga wasu 'yan faifai kore guda biyu, kowanne bai fi katin shaida girma ba. Ya ce kwamfuta ce sukutum, sunanta Raspberry Pi. Muka yi dariya. Ya bayyana mana cewa a Kambirij ta ƙasar Ingila aka ƙirƙiro ta, wani mai suna Eben Upton da abokan aikinsa suka fito da ita a 2012 a kan dala 35, musamman don yara su koyi aikin kwamfuta ba tare da iyaye sun sayar da gona ba. Namu samfuri na 3 ne, wanda ya fito a 2016. Ya haɗa su da tsofaffin talabijin biyu, ya sa musu Kiwix, wato manhajar da ke ba mutum damar karanta Wikipedia ba tare da intanet ba, da ta Faransanci da ta Hausa. Ya koma makarantarsa, ya bar mu da kaya.

Wata biyu abin yana tafiya sumul. Yara suna duba taswirar Benin, suna ganin kogin Weme da idonsu maimakon zanen da muke yi a allo mai kama da igiyar guga. A ɗaya daga cikin na'urorin kuma muke rubuta makin gwajin kowane mako.

Sai ciwo ya fara. Ana cikin aiki sai kibiyar linzami ta fara jan ƙafa, can sai ta tsaya cik. A danna nan, a danna can, shiru. Mu jira minti biyar, minti goma, in mun gaji mu zare waya daga bango mu sake sokawa. Abin da muka lura da shi, kuma shi ne ya kai mu ya baro, shi ne kusan kullum a hannun yaro ɗaya abin ke faruwa. Yaro ne ɗan shekara goma sha biyu, mai ƙiriniya, mai tambayar tsiya, wanda in ya zauna gaban na'ura ba ya tashi sai an ɗaga shi. Ran wata Laraba cikin watan Maris na 2022 na'urar ta sandare a hannunsa, muka zare waya kamar yadda muka saba, da muka mayar ta ƙi tashi sam. Makin wata uku na yara ashirin da ɗaya yana ciki, ba mu da kwafi a takarda.

Ranar mun yi abin da bai dace da malamai ba. Muka tsayar da shi gaban 'yan'uwansa muka ce shi ya lalata, ya faɗi abin da ya taɓa. Ya rantse bai taɓa komai ba, karatu kawai yake yi. Muka kore shi. Washegari mahaifinsa, mai sayar da tayoyi, ya zo har ɗakin, ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Malam, nawa ne kuɗin abin? In ɗana ya ɓata, ni zan biya." Babbanmu ya ce, "A'a Alhaji, ba zancen biya ba ne, tarbiyya ce." Mutumin ya yi shiru, ya ce to, ya juya. Daga ranar yaron bai sake zuwa ba.

Na'ura ta biyu ta rage mana. Mako bai cika ba ita ma ta sandare, a hannun ɗaya daga cikinmu, babu yaro ko ɗaya a ɗakin. Muka dubi juna, ba wanda ya ce uffan.

Daga nan ne muka yi abin da ya kamata mu yi tun farko, muka kira mai tsarabar ta WhatsApp. Tambayarsa ta farko ta ba mu mamaki: in ta tsaya, wace fitila ke ci? Ashe ƙananan fitilu biyun da ke gefen faifan, ja da kore, magana suke yi. Ja ta wuta ce. Na'urar tana son bolt 5, in abin da ke shigowa ya faɗi ƙasa da 4.63 sai jar ta ɗauke, wani lokaci kuma alamar walƙiya ta fito a kusurwar allo. Mun sha ganin wannan alama, mun ɗauka ado ce. Cajar da muke amfani da ita ta waya ce, irin ta bakin titi, an rubuta amfiya 2 a jikinta, alhali samfuri na 3 yana bukatar 2.5, kuma Allah kaɗai ya san ko biyun ma gaskiya ce. Wayar cajar ma siririya ce doguwa, wutar tana zubewa a hanya. Muka sayi caja ta kirki da gajeriyar waya mai kauri, walƙiya ta ɓace. Muka yi murna, muka ce an gama. Bayan kwana huɗu ta sake tsayawa.

Sai muka zargi zafi, don kowa ya san Maris a Kwatano ƙarƙashin rufin kwano. Akwai umarnin da ake rubutawa, vcgencmd measure_temp, ya nuna zafin cikinta. In ya kai digiri 80 takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Tamu tana kaiwa saba'in da wani abu. Muka cire ta daga akwatin robar, muka manna mata ɗan ƙarfen shan zafi, ya sauka. Zafi yana sa ta nawa, amma ba shi ke sandarar da ita ba.

Koriyar fitilar ce ta tona asiri. Ita tana ƙiftawa ne duk lokacin da na'urar ke karatu ko rubutu a katin ajiya, ɗan katin nan irin na waya wanda komai nata ke ciki. Da ta sake tsayawa muka duba, sai ga koriyar a kunne tsaye, ba ƙiftawa. Wato na'urar ba mutuwa ta yi ba, aiki take yi haiƙan, sai dai aikin banza.

Ga yadda muka fahimci abin, kuma duk wanda ya taɓa zama a rumfa a Dantokpa zai gane. Kwamfuta tana da wuri biyu na ajiye abu. Akwai ƙwaƙwalwar aiki, ita ce teburin ɗan kasuwa, abin da ke kai hannu kawai zai miƙa. Akwai kuma katin ajiya, shi ne sito da ke can bayan layi. Teburin samfuri na 3 gigabait 1 ne tak, an like shi a jikin faifan, ba a ƙarawa. In tebur ya cika, tsarin Linux da ke tafiyar da na'urar yakan kwashi kayan da ba a taɓa ba kwanan nan ya kai wani lungu na sito, in an nema ya dawo da su ya kai wasu. Wannan kai-da-kawo shi masana ke kira suwaf, mu muka sa masa suna musaya. In kaɗan ne ba laifi. Amma in masu saye sun yi yawa, kowa na neman abin da aka riga aka kai sito, sai yaron shago ya wuni yana gudu tsakanin rumfa da sito, ciniki ya tsaya. Ga shi kuma hanyar siton ƙunci gare ta: ƙwaƙwalwar aiki tana juya dubban megabait a daƙiƙa, katin kuwa a wannan samfuri da ƙyar yake wuce ashirin da 'yan kai, in ƙananan rubutu ne barkatai ma bai kai ko kusa ba.

Aka ce mu rubuta free -h. Lambobi suka fito: ƙwaƙwalwa ta kusa cika, wurin musaya kuma, wanda tsarin da aka sa mana ya zo da shi megabait 100 kacal, ya cika maƙil. Muka buɗe littafin da na'urar ke rubuta wa kanta abin da ya same ta, kern.log, muka sha wahalar kwanakin da ke ciki, don wannan samfuri ba shi da agogo mai batir, in babu intanet sai ya tashi da lokacin da ya kwanta da shi. Duk da haka muka ga layin da ke cewa da Turanci ƙwaƙwalwa ta ƙare, an kashe aiki kaza. Sunan aikin kuwa Chromium, manhajar da ake buɗe shafuka da ita. Kowane shafi da aka buɗe aka bari yana cin rabonsa na tebur, shafi mai hotuna da taswira ya fi ci.

Nan jikinmu ya yi sanyi. Sauran yara sukan buɗe shafi ɗaya, su kwafe abin da aka sa su, su tashi. Shi wancan yaron in yana karanta labarin Dahome ya ga sunan Behanzin sai ya buɗe, daga nan ya ga Martinik inda Faransawa suka kai sarkin sai ya buɗe, ya ga dutse mai aman wuta ya buɗe, bai rufe ko ɗaya ba don yana so ya dawo. Shafi goma, sha biyar. Abin da muke roƙon yara su yi shekara da shekaru, shi yake yi. Kuma katin da ya mutu da makinmu, mu muka kashe shi da hannunmu, don zare wuta a lokacin da ake tsakiyar rubutu a kati shi ne ke hargitsa abin da ke ciki. Mun yi haka ya fi sau ashirin.

Gyaran ma sai da muka yi tuntuɓe. Muka ce tunda wurin musaya ya yi kaɗan bari mu faɗaɗa, muka shiga fayil ɗin dphys-swapfile muka mai da 100 ya zama 2048. Kashe aiki ya ragu, amma sandarewar ta ƙara tsawo, don mun ƙara girman sito ne, hanyar tana nan yadda take. Banda haka katin ajiya yana da iyakar rubutun da zai ɗauka kafin ya gaji, musaya kuwa rubutu ce ba dare ba rana. Sabon katin da muka saya a kasuwa don tayar da na'ura ta farko ma ya ba mu kunya: an rubuta gigabait 64 a jikinsa, da muka gwada shi da wata 'yar manhaja mai suna f3 sai ga shi bai kai 8 ba. Jabu ne. Duk wanda zai sayi kati, ya gwada shi kafin ya ɗora masa amana, ko da wurin ɗan'uwansa ya saya.

Abin da ya yi mana magani shi ne zram. Maimakon a kai kaya sito, sai a ware wani gefe na teburin a riƙa matse kayan a ciki, kamar yadda ake matse dilar gwanjo, tulin tufafi ya koma ƙunshi ɗaya. Matsewa da warwarewa suna cin ɗan ƙarfin na'ura, amma sun fi tafiya sito sauri nesa ba kusa ba, katin kuma ya huta. Muka sa zram-tools, muka mai da musayar kati ƙarama. Muka raba aiki: na'ura ɗaya ta karatun yara, ɗaya ta maki, kuma makin duk Juma'a sai an kwafe shi a filashi da kuma littafi mai bango, da biro. Muka rubuta a kwali muka manna a bango: shafi huɗu, in za ka buɗe na biyar rufe ɗaya. In an ɗauke wuta ba yadda muka iya, amma mu dai mun daina zare waya. Masu hali suna iya sayen samfuri na 4 da ya fito a 2019, ko na 5 na 2023, waɗanda ake samu da gigabait 4 ko 8. Mu har yau na ukun muke lallaɓawa.

Saura abu mai wuya. Mun yi mako biyu muna jan ƙafa, kowa na cewa wane ya fi iya magana. Daga ƙarshe mu uku muka tafi rumfar tayoyin bayan sallar Juma'a. Muka gaisa, babbanmu ya ce, "Alhaji, mun zo ba da haƙuri ne. Yaron nan bai ɓata komai ba, mu ne ba mu san kan abin ba." Alhaji ya daɗe yana kallonmu, sa'an nan ya ce, "Malam, a gaban yara kuka kore shi." Muka ce haka ne. Ya ce, "To a gabansu za ku faɗa." Yaron yana tsugune yana wanke wata taya, bai ɗago kai ba.

Ran Litinin muka faɗa a gaban aji, da bakinmu, yana tsaye a bakin ƙofa. Ya zauna darasin ranar, ya zo na Talata, daga nan sai jefi-jefi, don a makonnin da ya yi a rumfa uban ya saba da hannunsa. Ya rubuta CEP a watan Yuni ya ci, ba da makin da muka san zai iya ba. Yanzu saurayi ne, yana kolej da safe, rumfa da yamma. Wani lokaci yakan leƙo ɗakin in ya taso, ya gaishe mu, ya tsaya bayan ƙananan yana kallon allo. Kwanan baya mun ji yana ce wa wata yarinya ta dubi koriyar fitila tukuna kafin ta kira Malam.