Ma'aunin Tsohon Inji

A Babbar Kasuwar Kaduna, da wuta ta ɗauke sai ka ga mai shago ya jawo ƙaramin janaretansa, ya tsiyaya baƙin mai a murfin gora, ya juye cikin fetur, ya girgiza kafin ya ja igiya. Irin wannan inji ba shi da ma'ajiyar baƙin mai ta daban, abin da zai tausasa cikinsa tare da fetur yake shiga, tare suke ƙonewa. Haka injin kwale-kwalen masuntan Shiroro yake, can ƙasa inda aka datse Kogin Kaduna. Yawancin na baya-bayan nan lita 1 ta baƙin mai ta ishe su fetur lita 50, amma tsofaffin ƙira da yawa sai an ninka musu, lita 1 ga 25. In ka yi rowa, fistin ya yi zafi ya cije, inji ya buga a tsakiyar ruwa. In ka cika hannu, hayaƙi ya turnuƙe, fulogi ya yi baƙi ƙirin, ka ja igiya har kafaɗa ta gaji. Nakan yi tunanin ko haka zama da dattawanmu yake. Kowa da zamanin da ya ƙera shi, kuma ma'aunin da ya wadatar da yaro ba lallai ya wadatar da tsoho ba. Gaisuwar tsaitsaye ba ta isarsu, tarairayar da ta wuce kima kuma takan sa su ji kamar an yi musu ritaya daga rayuwa. Sanin daidai ɗin sai wanda ya zauna ya saurara, ga shi yanzu kowa sauri yake yi.