Kafar USB ba rijiya ba ce

Ƙanena yana da ɗan shago a Gangara, yana sayar da kayan masarufi, yana kuma karɓa da aika wa mutane kuɗi. A kan teburinsa akwai kwamfuta, da na'urar karanta lambar kaya, da ɗan modam na intanet. Fano ɗaya na hasken rana da batir ne ke riƙe da su duka.

A watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, har garuruwan da ke shan kuran ta layin Katsina zuwa Gazawa sun ji a jikinsu, shagon mai fano ya zama wurin cajin kowa. Wata ranar kasuwa na aiki ɗana da wayoyi biyu da fitila, na ce ya jona a kwamfutar baffansa. Yaro ya ga mahaɗa mai kafa huɗu, inda modam yake, ya cusa su duka. Nan take intanet ya ɗauke, ga wata tsohuwa a tsaye tana jiran kuɗin da ɗanta ya aiko daga Agadas. Ta wuce la'asar a kan benci kafin a gano dalili.

Da dare ƙanena ya ce, "Yaya, kai fa malami ne, ba ka san kafar nan awo gare ta ba?" Na ji kunya, don ban sani ba.

Ga abin da na koya. Kafar USB 2.0 bolt 5 take bayarwa da rabin amfiya, wato wat 2.5. Ta USB 3.0 tana kai wat 4.5. Idan aka sa mahaɗa marar wutar kanta, ɗan abin nan ake rabawa, kamar kwanon tuwo ɗaya ga baƙi huɗu. Shi ya sa kamfanoni irin su IBM da NCR suka fito da PoweredUSB don kwamfutocin kanti, mai ƙarin kafa ta bolt 12 ko 24, domin injin buga rasit ya sha wuta daga jikin kwamfutar. Bakin kowace ya bambanta, don kada a cusa ta bolt 12 a ta 24 a ƙone kaya. Shagunanmu na karkara galibi kwamfutar gida suke amfani da ita, wadda ba a yi ta don wannan nauyin ba.

Mako na gaba na shiga aji da cajar waya. Na sa yara suka karanta ƙananan lambobin da ke bayanta, suka ninka bolt da amfiya da kansu. Waɗanda ke hamma a darasin lissafi su ne suka riga kowa ɗaga hannu.

Iyaye, kafin mu aiki yaro shagon maƙwabci da waya, mu tuna kwamfutar nan da ita yake ciyar da iyalinsa. A koya wa yaro ya tambaya kafin ya jona.