Na sa tsohuwar jitata a kasuwa

Makon jiya na sanar da abokan sana'a cewa zan sayar da tsohuwar jitar bes ɗina, mai so ya taya. Kafin la'asar wayata ta ɗau zafi. Sai dai duk wanda ya kira tambaya ɗaya yake yi, riga kawai yake sauya mata. Fender ce? Ta Amurka ce ko ta Meziko? Karanto mini lambar da ke jikin kan. Cikinsu babu wanda ya ce in duba masa wuyanta ko a miƙe yake. Abin ya tsaya mini a rai har ya hana ni barci da wuri, shi ya sa na zauna nake wannan dogon rubutu. Wanda ba shi da haƙurin karatu ya wuce abinsa, ba zan ji haushi ba.

Ga waɗanda ba su san ta ba, bes ita ce jitar nan mai dogon wuya da kauraran wayoyi huɗu, wadda mai kaɗa ta yake raɓewa a baya kusa da mai ganga kamar wanda aka yi wa horo. Amonta a ƙirji ake jin sa kafin kunne. Wayar da ta fi kauri tana karkarwa ne kimanin sau 41 a daƙiƙa ɗaya, ƙaramar sifikar wayar hannu kuwa ba ta iya fitar da wannan gurnani. Don haka idan aka ɗauki bidiyon biki aka yaɗa, za a ji mawaƙi, a ji fiyano, a ji ganga, ni kuma a gan ni ina ta motsa yatsu kamar mai ƙirga bashi. Akwai ranar da gwaggona ta kalli irin wannan bidiyo har ƙarshe, ta miƙo mini wayar ta ce, "To kai ɗan nan, me suke biyan ka kake yi a wurin?" Ban iya ba ta amsa ba. Amsar kuwa ita ce in na ɗaga hannu na daina kaɗawa, masu rawa za su ji ƙasa ta zame musu ba su san dalili ba.

Bari in koma kan sunan nan da kowa yake tambaya. Leo Fender, wanda sunansa ke rubuce a kan jitocin da muke mafarkin mallaka, bai iya kaɗa jita ba. Mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na jihar Kalifoniya. Makaɗa suna kawo masa amfilifaya ya gyara, yana jin kukansu, har ya fara ƙera kayan kiɗa da kansa. A 1951 ya fito da Precision Bass, a lokacin da masu bes suke fama da ƙatuwar nan ta katako da ake kaɗawa a tsaye, wadda ta kai tsayin mutum, ga wuyar ɗauka, ga shi ƙahonni da ganguna suna danne muryarta. A 1960 ya ƙara da Jazz Bass. Abin da ya fi burge ni a aikinsa shi ne da idon mai gyara ya tsara su. Wuyan da kusoshi huɗu masu murɗi aka ɗaure shi a jiki, in ya lalace a kwance a sa wani. Kayan lantarkin kuma a fili suke, ka cire murfi ka gan su. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana buɗe cikin rediyon mutane ya san duk abin da ake amfani da shi zai lalace wata rana, sai ya yi wa mai gyara hanya tun daga farko. Mu kuwa mun riƙe sunansa gam, darasin mun bar shi a baya.

Ni ma haka na faro. Shekarun baya da na tara 'yan kuɗina, wani dillalin kayan kiɗa na hannu ya nuna mini wannan jita, ya ce daga Kwatano ta shigo, wani Bature ne ya yi amfani da ita. Ina ganin rubutun da ke kan sai hankalina ya tashi. Ban duba komai ba, na taya, ya ce albarka, na ƙara, ya sallama. Wata biyu ina tafiya ƙasa ba ta ɗaukata. Sai ramin da ake soka igiya ya fara ƙara, aka kwatanta mini wani dattijo mai gyaran rediyo da amfilifaya a nan Kaduna. Baba muke ce masa. Ya karɓe ta ya jinjina nauyinta a hannu, ya kwance kusoshin nan huɗu, ya leƙa gindin wuyan inda kamfani kan buga hatimi, bai ga komai ba. Ya kankare fenti kaɗan a cikin ramin, sai ga filawud sala-sala. Ya ce, "Ɗana, an yi maka sakiyar da ba ruwa. Sunan nan manna shi aka yi."

Na ji kamar in nutse. Baba bai ko kalle ni ba, ya ɗaga wuyan ya sa ido ɗaya yana hango shi daga kai zuwa gindi, yadda kafinta ke duba katako. Ya ce, "Amma wanda ya sassaƙa wannan wuya ya san aikinsa. Bar ta a nan zuwa jibi." Ya sauya ramin igiyar, ya sake liƙe wayoyin ciki da dalma, ya shimfiɗa takardar gwangwani a ramin kayan lantarki ya haɗa ta da wayar ƙasa don ya kashe zugar nan mai kama da ta ƙudan zuma. Da wannan jabun na ci abinci shekara da shekaru, na yi aure, na biya haya. Ban taɓa jin wani ango ya ce a tsayar da kiɗa a duba lambar jita ba.

A wurin Baba na koyi cewa bes wuya ce, sauran duk ado ne da abin da za a iya sauyawa. Wayoyi huɗun nan suna jan wuyan da ƙarfin da ya haura kilo 60, dare da rana. Abin da ke hana shi lanƙwashewa wani ƙarfe ne da aka binne a cikinsa, ana ɗaure shi ko a sassauta da alanki. Mu kuma a arewa muna da abokin gaban da masu ƙera jitar ba su yi lissafi da shi ba, wato hunturu. Iska ta bushe, katako ya tsuke, wuya ya ranƙwafo gaba, wayoyi su yi sama har yatsu su yi ciwo. Bakin ƙananan ƙarafunan da ke jere a wuyan ya fito ta gefe yana yagar tafin hannu, domin katako ya motse, ƙarfe kuwa yana nan yadda yake. Damina ta sauka, katakon ya sha laima ya kumbura, wuya ya koma baya, wayoyi su kwanta suna zizar ƙarfe. Sau biyu a shekara ke nan dole a taɓa ta. Gwajin ba wuya: danne waya a ƙarfen farko da na ƙarshe lokaci guda, ka duba tsakiya. In ratar ta kai kaurin katin gaisuwa, lafiya lau. In za a murɗa, rubu'in juyi ake yi a bar ta ta kwana, gobe a sake dubawa. Na san jita uku da suka mutu a hannun masu gaggawa, suka yi ta murɗawa har ƙarfen ya ce ƙas a ciki. Daga nan kuma sai dai a rataye ta a bango. Saboda haka wanda zai sayi ta hannu ya tafi da alanki a aljihu, ya tabbatar ƙarfen nan yana juyawa hagu da dama kafin ya fito da ko sisi. Fenti da ya goge, maɓalli da ya karye, duk wannan na ragin kuɗi ne kawai.

Wayoyi kuma tsada gare su, kowa ya sani, shi ya sa muke tafasa su a tukunya dauɗar gumi ta fita su ɗan farfaɗo. Matata ta daɗe da ware mini tukunyar da ba a girki da ita. Dabarar tana yi sau ɗaya ko biyu, bayan haka yaudarar kai ce. In na ji yara suna kukan tsofaffin wayoyi nakan ba su labarin James Jamerson, wanda bes ɗinsa ke ƙarƙashin ɗimbin waƙoƙin kamfanin Motown na birnin Detroit. Precision ce ta 1962, ba ya sauya mata waya sai in ta tsinke, kuma da yatsa ɗaya yake kaɗawa. Har yau masu kayan miliyoyi suna neman wannan amo ba su same shi ba.

To me ya sa zan sayar? Zamani ne. Mawaƙan yanzu suna son amon da ya fi zurfi, sai na sayi mai waya biyar, irin mai batir ɗan bolt 9 a bayanta. Tana da daɗi, ban musa ba. Amma ita ce ta kunyata ni a wata dina, ana tsakiyar rakiyar amarya batirin ya mutu, amo ya koma kamar kukan kwaɗo mai mura. Laifina ne, na bar igiya a soke tun daren da ya gabata, alhali soka igiyar shi ke kunna ta. Mai fiyano ya rufa mini asiri da hannunsa na hagu, yana kallona yana murmushi. Murmushin nan na gane shi sarai. A situdiyoyin waƙar Hausa fiyanon Yamaha ya daɗe da cinye gurbin mai bes da mai ganga da mai ƙaho, mutum ɗaya ya haɗa komai. Wuraren da suka rage mana su ne coci-coci, otal-otal, da bikin masu son ganin makaɗa a tsaye. Liƙi kuwa goshin mawaƙi yake sauka, na baya sai abin da shugaban ƙungiya ya ga dama bayan an cire kuɗin mota da man janareta. Janaretan ma shi ya ƙone mini amfilifaya watan jiya da wutarsa ta yi tsalle, kuma kuɗin sayen wata nake nema. Wannan shi ne gaskiyar dalilin.

Wani abu da nake so masu sayen kayan hannu su riƙa yi, ko da zai ɓata wa dillali rai, shi ne tambayar asali. Kayan kiɗa ana sace su ƙwarai, daga coci, daga bayan mota, daga ɗakin gwaji. Manya ma ba su tsira ba. Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ya sayi bes ɗinsa ƙirar Höfner a Hamburg a 1961, aka sace ta daga cikin mota a Landan a 1972, ba ta dawo hannunsa ba sai bayan sama da shekara 50. Jazz Bass ɗin Jaco Pastorius, wadda aka cire wa ƙarafunan wuya aka shafe katakon da gam ɗin jirgin ruwa, an ɗauke ta a New York a 1986, ya rasu a shekarar da ta biyo ba tare da ya sake ganin ta ba. Ta Jamerson ma an sace ta gab da rasuwarsa a 1983. Su duniya ta taya su cigiya. Yaron da aka sace wa tasa a Kakuri ko Tudun Wada, wa zai taya shi? In ka ga kaya mai kyau a farashin banza, mai sayarwa yana waige-waige, ka san hawayen wani kake shirin saya.

Shekaranjiya wani yaro ya zo har gida, bai fi shekara 19 ba, a cocinsu yake koyo da jitar aro. Ya gaishe ni ya durƙusa, na miƙa masa. Kan jitar bai ko kalla ba. Ya ɗaga ta ya rufe ido ɗaya ya hangi wuyan, ya danne waya sama da ƙasa ya leƙa ratar, ya bi ƙarafunan ɗaya bayan ɗaya yana sauraron inda za ta yi ziza. Ya murɗa maɓallan ya ji ko suna ƙarar yashi. Sannan ya ɗago ya ce, "Yaya, alankin wuyan yana nan?"

Na ce masa, "Ƙanena, kafin mu yi nisa, ba Fender ba ce. Sunan manna shi aka yi." Ya yi dariya ya ce ai tun da ya ɗauke ta ya ji a nauyinta, shi wadda za ta yi masa aiki yake nema. Na tambaye shi wa ya koya masa duba wuya haka, ya ce babu kowa, jitar cocinsu ce ta ishe shi da ciwon yatsa har ya fara bincike.

Abin da ya taya bai kai na wani da ya kira ni daga Abuja ba, wanda na tabbata sunan yake so ya saya ya sayar wa wani mai zumuɗi irina na da. Na sallama wa yaron, zai biya kashi biyu. Na haɗa masa da alankin, da tsohuwar jakar, da wayoyi saiti ɗaya da aka tafasa sau ɗaya tak. Amfilifayar sai ta ƙara jira na wata guda.

Sharaɗi ɗaya na gindaya masa. Idon Baba ya fara rauni, yanzu sai ya sa tabarau biyu kafin ya ga bakin waya, 'ya'yansa kuma babu wanda ya zauna a shagon, duk sun koma gyaran wayar hannu. Ranar Asabar da safe zan ɗauki yaron a babur mu je can da jitar, a gyara mata zama kafin hunturu ya kankama, shi kuma ya riƙe wa Baba ƙarfen dalma.