Daga Jankara Zuwa Samaru: Wutar Da Ido Ba Ya Gani

Jankara ta cikin tsibirin Ikko kasuwa ce da ba a raina kome a cikinta. Tsohuwar ƙusa, da sarƙar keke, da makullin da ya rabu da kwaɗonsa, kowanne yana da mai saye. Da yawa daga cikin masu tattaro irin wannan kaya a Ikko samarin Hausawa ne 'yan gwangwan, waɗanda kan fito da kurarsu tun da asuba daga Agege da Idi-Araba da sauran unguwannin 'yan Arewa, su bi lungu-lungu, da la'asar kuma su hallara gaban sikeli. Jarinsu guduma ce da mayen ƙarfe. Sun san baƙin ƙarfe, sun san tagulla da jan ƙarfe, sun kuma san dalma tana da nauyi, nauyi kuwa a sana'arsu kuɗi ne.

To, a nan gizo yake saƙa. Cikin tulun dalma ake killace ƙwayoyin nukiliya waɗanda asibitoci ke ƙona ciwon daji da su, da waɗanda kamfanonin mai ke auna rijiyoyi da su. Tiririn da suke fitarwa ba shi da wari, ba shi da launi, mayen ƙarfe kuma ba ya jin sa. A watan Satumba na 1987, a garin Goyaniya na ƙasar Burazil, wasu masu tsintar ƙarfe 2 suka ɗauko wata na'ura daga asibitin da aka daina amfani da shi, suka fasa ta, suka sayar wa wani dillali. Garin da ke ciki yana walƙiya shuɗi a duhu, aka yi ta nuna wa dangi ana mamaki. Mutum 4 suka mutu, ciki har da yarinya 'yar shekara 6, aka kuma auna jikin mutane wajen 112,000. Nijeriya ma ta ɗanɗana: a ƙarshen 2002 irin waɗannan ƙwayoyi guda 2 suka ɓace a yankin Neja Delta, sai a 2003 aka gano su cikin tarkacen ƙarfe a ƙasar Jamus.

Wanda ya nemi inda ake koyon tsare jama'a daga wannan haɗari, sai ya bi tsohon layin dogon da ya ratsa Agege ya yi arewa, tafiyar fiye da kilomita 800, ya sauka Zariya. Daga nan sai ya kama hanyar Sakkwato zuwa Samaru, mazaunin Jami'ar Ahmadu Bello wadda aka kafa a 1962. An fi sanin Samaru da binciken aikin gona, irin auduga da gyaɗa da dawa, amma a nan ne kuma Cibiyar Bincike da Horaswa kan Makamashi take, wadda ake kira CERT, kuma a cikinta ne tukunyar nukiliya ta farko a ƙasar nan take zaune.

Tukunyar ƙirar ƙasar Sin ce, an samo ta da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, watau IAEA, mai hedkwata a Biyena, ta kuma fara aiki a watan Fabrairu na 2004. Ƙarama ce ainun. Ƙarfinta wajen kilowat 30 ne, ba ta ba kowa wutar lantarki, kuma tana nutse ne cikin wani tafkin ruwa mai zurfi wanda ke sanyaya ta, yana kuma tare tiririnta. Aikinta shi ne tona asirin abubuwa. Akan ɗibi ɗan ƙasar gona, ko garin dutse, ko hatsi, a ƙunshe a ɗan kwalabe, a tura shi kusa da cikinta na ɗan lokaci. Idan aka fito da shi, kowane sinadari da ke ciki yakan fitar da nasa irin tiriri, na'ura kuwa ta karanta, ta faɗi ko zinariya ce ko guba, da kuma yawanta.

Dangantakar Nijeriya da wannan fanni da fushi ta fara. A 1960 Faransa ta gwada bamabaman nukiliya a Reggane cikin Sahara, gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa ta yanke hulɗar jakadanci da ita a watan Janairu na 1961. Daga baya Nijeriya ta shiga IAEA a 1964, ta sa hannu a yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya a 1968, ta kafa hukumarta ta makamashin nukiliya a 1976. Tun 1988 akwai yarjejeniyar da ta ba sufetocin IAEA iznin zuwa su duba littattafai su ƙidaya makamashi, kamar yadda dillali kan ƙirga kayan amana a gaban shaidu. Riƙe wannan lissafi ilmi ne mai zaman kansa, kuma ba a gado ake samunsa ba, sai an yi karatu.

Shekarar 2018 ce ta gwada ko karatun ya zauna. Makamashin da tukunyar ta zo da shi yuraniyam ne wanda aka tace har kashi 90 cikin 100, irin wanda ake iya yin bom da shi in an tara da yawa. Nauyinsa wajen kilo 1 ne kawai, amma duniya ba ta so ko ɗan wannan ya faɗa hannun miyagu. Sai masanan Samaru suka haɗa kai da takwarorinsu na Cibiyar Makamashin Nukiliya ta Sin da na ɗakin bincike na Argonne a Amurka, aka shafe shekaru ana lissafi. Ghana, mai irin wannan tukunya a Kwabenya, ta riga ta sauya nata makamashin a 2017, don haka can ma'aikatan Nijeriya suka je suka yi gwaji. A ƙarshen 2018 aka cire tsohon makamashin, aka sa wani mai kashi 13 cikin 100 wanda ba ya yin bom, aka mai da na da ƙasar Sin a watan Disamba. Tukunyar Samaru ita ce ta ƙarshe a Afirka da ta yi aiki da irin wancan makamashi.

Har ila yau, haɗin kan bai tsaya ga injuna ba. A 2006 Ghana ta buɗe makarantar manyan digiri kan ilmin nukiliya da goyon bayan IAEA, inda ɗaliban ƙasashen Afirka ke zuwa. A 2010 kuma IAEA ta kafa wata ƙungiya ta jami'o'in duniya da ake kira INSEN, domin su riƙa musayar darussa da malamai kan tsaron kayan nukiliya. Irin waɗannan ɗalibai ake bukata a tashoshin jiragen ruwa, da kan iyaka, da Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya, NNRA, wadda ta fara aiki a 2001, take ba da lasisi ga duk mai riƙe da irin waɗannan ƙwayoyi.

Sauran aiki shi ne ilmin ya sauko daga Turanci zuwa harshen kasuwa. Abin da ɗan gwangwan ke bukata bai da yawa. Idan ya ga tulun ƙarfe ƙarami mai nauyin da ya wuce girmansa, ko tambari mai kama da fanka mai fukafukai 3 a kan launin rawaya, to kada ya ɗora masa guduma, kada ya kai shi ɗakin kwana. Ya ja da baya, ya hana yara matsowa, ya sanar da shugaban kasuwa da 'yan sanda domin a kira hukuma. Ilmin da ya iya zuwa Biyena da Bejin ya dawo Samaru, ai Jankara ba za ta yi masa nisa ba. Allah Ya kiyaye masu neman halal.