Yadda Darasin Fiziks Ya Sasanta Gidanmu

A gidanmu da ke GRA a cikin birnin Katsina, iyali uku ne ke shan wuta daga sola ɗaya: ɓangaren Baba, ɓangaren Baffa, da ɗakin Hajiya Kaka, wadda ake ajiye mata allurar ciwon suga a firji. Faranti a kan rufi, batura a sito, inbata ɗaya ke raba wa kowa.

Da zafin watan Afrilu ya kankama, sai inbata ta fara mutuwa wajen ƙarfe ɗaya na dare. Ƙannenmu masu shirin jarrabawar WAEC su koma karatu da tocila, Inna ta tashi duba firjin Kaka. Da safe kuma zargi ya tashi. Ɓangaren Baba su ce na'urar sanyaya ɗakin Baffa ce, na Baffa su ce injin jan ruwa ne. Har gaisuwa ta fara yin sanyi.

Mu biyu da ke karatun injiniyan lantarki a jami'a muka dawo hutu, Baba ya kira mu ya ce, "To masu boko, ga ranarku." Muka kwana uku a sito da mita da littafi. Abin da muka gano yana cikin darasin babbar sakandare: wat daidai yake da boltej sau amfiya.

Kayan wuta iri biyu ne. Dutsen guga da hita masu haƙuri ne. In boltej ya sauka, su ma sai su rage jan wuta. Amma cajar kwamfuta, talabijin na zamani, duk abin da aka ɗora a kan sitabilaiza, har ita kanta inbata, ba sa rage buƙatarsu ko kaɗan. Ku yi lissafin da kanku. Gida na cin wat 2,400 daga batir mai bolt 48, amfiya 50 ke nan. In batirin ya gaji ya faɗo zuwa bolt 40, inbata za ta ja amfiya 60 don ta cike giɓin. Ƙarin jan nan yana dumama waya, ya ƙara sauke boltej, ita kuma ta ƙara ja, har ta kashe kanta don kada ta ƙone. Kun san yadda ake yi in famfon unguwa ya fara tsiyaya: kowa ya rugo da ƙarin bokiti, ruwan ya ƙare da wuri.

Wannan matsala ce da injiniyoyi ke fama da ita a duk ƙaramar tashar wuta mai zaman kanta, irin ta sola mai megawat 7.1 da aka buɗe a Jami'ar Bayero ta Kano a 2019. Babban layin ƙasa yana iya shanye irin wannan ja, ƙaramar tasha kuwa girgiza take yi. Shi ya sa suke saka na'urorin da ke lura da boltej, suna raba nauyi tsakanin batura, suna yanke kayan da ba dole ba kafin komai ya faɗi.

Mu ba mu da kuɗin wannan, sai muka yi daidai ruwa daidai tsaki. Muka canza siraran wayoyin batir da gajeru masu kauri. Injin ruwa ya koma aiki da tsakar rana, lokacin da sola ke kan ganiyarta. Na'urar sanyaya ɗaki kuma, da ƙyar muka iya faɗa wa Baffa. Ya duba lissafin ya daɗe, sannan ya ce, "In don maganin Hajiya ne, a kashe ta ƙarfe sha ɗaya."

Tun daga ranar firjin Kaka bai sake kwana babu wuta ba. Ƙannenmu, in malami ya rubuta wannan lissafi a allo, ku kwafe shi da kyau. Mu ma a da haddace shi kawai muka yi don mu ci jarrabawa.